Duna ya hana kansa barci da susa, me zan dinga ba shi ya ci?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Dan Allah shawara nake nema akan karen da ke mana gadi a gona nan bayan Kaduna, alsashiyan ne, shekararsa uku, Duna muke ce masa. Kusan wata bakwai kenan yana fama da ƙaiƙayi wlh abin tausayi, da daddare sai ka ji yana ta gurzar jikinsa da ƙyauren keji, ƙafafunsa na gaba kuwa lasa yake yana cizo har tsakanin yatsun ya yi jawur gashin wurin ya koma ruwan ƙasa, kunnensa na dama yana wari kamar ƙullun da ya kwana biyu ga wani baƙin datti a ciki, kashi kuma sau huɗu sau biyar a rana kuma ba ya ɗaurewa. Wani ya zo ya masa allura sau uku, in an yi sai ya lafa kamar sati biyu ya dawo sabo, kuma lokacin allurar, ruwa yake ta sha yana fitsari ba ƙaƙƙautawa. Yanzu an ce min wai abinci ne bai karɓe shi ba, alaji. To ni ban san ta ina zan fara ba, wane abinci zan saya?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya. Me da me kuke ba shi yanzu?

Baban Khalifa:
Gaskiya komai Hajiya. Kayan ciki da tarkacen naman shanu daga mahauta, kai da ƙafar kaji, ragowar tuwo da shinkafa daga gida, wani lokacin taliya, yara kuma in sun je gona har burodi da madara suke ba shi. Akwai kuma na buhu da nake haɗa masa in an samu hali.

Baba Sarkin Baka:
Yaro wannan ƙazuwa ce ba wani abinci. Shekara arba'in ina fita daji da karnuka ban taɓa ganin wanda tuwo ya sa wa ƙaiƙayi ba. Ku ne kuke kwaso karnukan Turawa da ba su san ranarmu ba. Ka samu baƙin mai na inji ka shafe shi da shi, kwana uku zai daina.

Ɗan Jos:
Ranka ya daɗe Baba banda baƙin mai dan Allah. Lashewa zai yi ya shiga cikinsa, ga zafin da zai ƙona masa fatar da dama ta yi rauni. Na ga wanda aka yi wa haka a unguwarmu, da ƙyar ya sha.

Likitar Dabbobi:
Salam jama'a. Baban Khalifa sannu da ƙoƙari. Kafin ka kashe ko sisi akan sabon abinci bari in fara da inda Baba yake da gaskiya, domin yana da ita. Yawancin karnukan da ake kawo mana da susa ba abinci ba ne, ƙuma ce ko ƙazuwa ko kaska, sai kuma masu alajin abin da ke cikin iska da ƙasa kamar ƙura da garin furen ciyawa. Na abinci shi ne mafi ƙaranci a cikinsu. Saboda haka aikin farko a kai shi a kankaro fatar kaɗan a duba a madubin likita, a ɗebo dattin kunnen shi ma a duba, don wannan warin da ka ce sau da yawa yis ne, wato wani dangin funfuna, ya yi yawa a ciki ko ƙwayoyin cuta, kuma in ba a magance su ba ko abincin sarki ka ba shi susa ba za ta tsaya ba. Ƙazuwa ma tana iya ɓuya a kankara ba a ganta ba, shi ya sa muke ba da maganinta ko da ba mu gani ba. Baƙin mai kam Baba a yi haƙuri, guba ne.

Ka duba min abu uku. Ina ya fi sosawa, gindin wutsiya da gadon baya ko ƙafa da kunne da ciki? Akwai mutumin da ke taɓa shi da ya fara ƙaiƙayi a hannu ko ciki? Sannan da damina ya fi tsanani ko duk shekara ɗaya ne?

Baban Khalifa:
Na gode Dakta. Gindin wutsiya lafiya lau, ƙafa ne da kunne da hammata da ƙasan ciki, yana kuma jan gindinsa a ƙasa. Maigadi ne ke masa wanka kuma bai ce komai ba. Tun hunturu aka fara har yanzu da ruwa ya sauka babu bambanci.

Likitar Dabbobi:
To wannan ya ƙara sa ni zargin abinci, musamman da ka haɗa da yawan kashi, amma zargi ne fa, da ido ba a rabe alajin abinci da na ƙura, kamanninsu ɗaya. Allurar da ake masa kuma daga yadda ka kwatanta shan ruwa da fitsari irin su dexamethasone ce, tana danne ƙaiƙayi ne kawai, in aka daɗe ana yi tana raunana garkuwar jiki. Kar a ƙara sai likita ya gani.

Yaya a Ingila:
Nan wurinmu akwai gwajin da ake tura gashi ko yawun kare a gaya maka duk abincin da bai dace da shi ba, in kana so in bincika maka. Kuma ka nemi abincin da aka rubuta babu hatsi a jikin buhun, shi kowa ke saya yanzu.

Likitar Dabbobi:
Yaya Allah ya saka da alheri amma kar ki wahalar da kuɗinki. Gwajin gashi da na yawu ba abin dogaro ba ne, na jini ma a maganar abinci ba ya ba da amsar da za a riƙe, zai iya lissafo maka abu goma da kare ke ci lafiya ya tsallake wanda ke cutar da shi. Maganar hatsi kuma talla ta fi yawa a ciki. A 2016 an tattara rahotannin karnuka 297 da aka tabbatar suna da alajin abinci, naman shanu ne kan gaba da kashi 34 cikin ɗari, sai madara da dangoginta 17, kaza 15, alkama 13. Masara 4 kacal, shinkafa 2. Kin ga nama da madara ne manyan masu laifi, kuma buhun da aka ce babu hatsi yawanci cike yake da kaza ko shanu. Ƙari a kan haka a 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fara bincike kan ko irin wannan abincin mai yawan wake da dangoginsa yana da alaƙa da wani ciwon zuciya a karnuka, ba a yanke hukunci ba, amma ni ba na tura mutum can babu dalili.

Ku lura da jerin nan, abin da kare ya fi ci ne ya fi zame masa matsala. Ba sabon abinci ke kawo alaji ba galibi, wanda ya shekara yana ci ne jiki ke wayar gari ya ɗauke shi abokin gaba.

Baban Khalifa:
Ikon Allah. Duk huɗun nan na sama kuwa yana ci kullum. To yanzu ya za a yi a gane wanne ne?

Likitar Dabbobi:
Hanya ɗaya ce kuma haƙuri take ci ba kuɗi kaɗai ba. Za ka zaɓi nama ɗaya tak da bai taɓa ci ba a rayuwarsa, da abin cika ciki ɗaya tak, ka ba shi su kaɗai da ruwa har sati takwas. A sati biyar kusan kashi 80 na masu wannan matsalar sun fara samun sauƙi, a sati takwas sun haura 90, wasu sai an kai sha biyu. Cikin yakan riga fata gyaruwa, kashi zai iya daidaita cikin sati biyu amma fata sai a hankali. In ya warware, sai ka dawo masa da tsohon abincinsa da gangan, in ƙaiƙayin ya dawo cikin kwana sha huɗu to an tabbatar abinci ne. Daga nan a koma abincin gwaji ya lafa, a dinga saka abu ɗaya ɗaya ana gani.

Ko dai ka dafa da kanka, ko ka sayi na buhu na musamman wanda aka farfasa furotin ɗinsa ƙanana ƙanana yadda jiki ba zai gane shi ba, irin su Royal Canin Hypoallergenic ko Anallergenic, Hill's z/d, Purina HA. Suna da kyau kuma abinci ne cikakke, matsalar tsada da samuwa, alsashiyan babba ba ƙaramin ci gare shi ba, in buhu ya ƙare a sati na huɗu ka nema ka rasa to aikin ya lalace.

Malam Na Tudu:
Ni fa abin nan yana ɗaure min kai. Mutane na neman abin da za su sa a bakin salati, mu kuma muna nan muna zaɓa wa kare kalar nama? A sake shi kawai ko a ba wani.

Baban Khalifa:
Malam na fahimce ka kuma ban ce ƙarya ka faɗa ba, halin da ake ciki kowa ya sani. Amma karen nan ni na ɗauko shi yana ɗan wata biyu na tsare shi a gona, ba shi da inda zai je ya nema wa kansa, tun da ya girma ba a ƙara haura mana katanga an kwashi awaki ba. Hakkinsa na kaina. In na sake shi da wannan jikin titi zai shiga ya wahala ya mutu, in na ba wani na ba shi ciwo ne. Bana jin zan iya kwana da wannan.

Maman Ilham:
Malam ai kai ka fi mu sani, mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa da takalminsa Allah ya gafarta masa, kuma kare na gadi da na farauta da na kiwo an yi izini da su. Tunda ya ajiye shi dole ya kula da shi.

Malam Na Tudu:
Haka ne Hajiya, hadisin ya inganta. Ni dai a guji almubazzaranci, a yi daidai ƙarfi. Allah ya ba shi lafiya.

Hajiya Mai Zabbi:
To a ba shi zabo mana, ko akuya, ai bai saba cinsu ba.

Likitar Dabbobi:
Hajiya tunani mai kyau ne amma akwai tarko. Zabo da talotalo da agwagwa 'yan uwan kaza ne, jikin da ya ƙi kaza zai iya ƙinsu. Akuya da rago kuma suna kusa da shanu, ga shi da wuya a ce kare a gidan Bahaushe bai taɓa cin naman layya ba. Zomo ya fi, ko kifi in bai saba ba.

Baban Khalifa:
Kifi yana ci, kan tarwaɗa muke ba shi daga tafkin gonar. Zomo kuwa kafin ya cika wa Duna ciki sati takwas ai sai na ƙarar da zomayen unguwa.

Na Damagaram:
Ɗan uwa naman raƙumi fa? Mu nan ba abin nema ba ne, kuma Kano ma ana yankawa kullum a kwata, ka sa a kawo maka da yawa ka yayyanka ka ƙulla a leda na kwana ɗaiɗai ka sa a firiza.

Likitar Dabbobi:
Wallahi wannan shawara ta yi. In bai taɓa ci ba raƙumi zaɓi ne mai kyau, kuma bai kai rago da akuya kusanci da shanu ba. Amma ka tsaya a kan mai naman, kar a yanka maka a kan katakon da aka gama saran shanu da wuƙa ɗaya, in ka kawo gida ka wanke sosai, kuma kar a niƙa a injin kasuwa. Ka haɗa da dankalin Hausa tunda shinkafa da masara da alkama duk ya saba da su. Awo kamar kashi ɗaya nama kashi biyu dankali, a dafa da ruwa zalla. Babu gishiri babu magi babu mai babu yaji, albasa da tafarnuwa kuwa ko lafiyarsa ƙalau ba a ba kare, suna fasa masa ƙwayoyin jini. Ka auna nauyinsa kafin a fara, likitan da ya duba shi ya faɗa maka yawan da zai ci a rana, ka sauya a hankali cikin kwana biyar zuwa bakwai kar cikinsa ya ɓaci, ranar da ya koma sabon zalla daga ita za ka fara ƙirga.

Abu biyu kuma. Wannan haɗin na gwaji ne ba na dindindin ba, babu isasshen sinadarin ƙashi da wasu bitamin a ciki, babban kare zai jure wata biyu amma ɗan kwikwiyo mai tasowa ko karya mai ciki ko mai shayarwa ba a yi musu haka, su sai na buhu. Na biyu maganin ƙuma da kaska, da yawa na taunawa an sa musu ɗanɗanon nama, ka tambayi likita ya ba ka na ɗigawa a wuya a wannan lokacin.

Ɗan Jos:
Ni na yi wannan gwajin da tawa karyar, zan faɗa maka gaskiya ba kare ne matsala ba mutanen gida ne. Ka tara kowa ka musu bayani, maigadi, yara, masu aikin gona, har baƙo. Loma ɗaya ta isa ta rusa komai. Ka kuma duba inda yake kaiwa, bola, abincin kaji da ya zube, kashin awaki, duk ci suke. Ka ɗauki hoton ƙafafun da kunnen duk Juma'a a wuri ɗaya da haske ɗaya, ka ba ƙaiƙayin maki daga 1 zuwa 10 ka rubuta, don ido yana mantuwa.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai. Jibi zan shiga Zariya da shi asibitin koyarwa na dabbobi na ABU a yi kankarar, sai in dawo muku da bayani.

Baban Khalifa:
Salam, na dawo bayan sati huɗu. Ba a ga ƙazuwa ba amma an ba da maganinta duk da haka, kunnen kuma yis ne kamar yadda Dakta ta ce, an wanke an ba mu na ɗigawa da sabulun wanka. Mun fara raƙumi da dankali, kwana biyun farko ya shinshina ya juya kai, na uku ya cinye har da lashe kwano. Kashi ya koma sau biyu kuma ya ɗaure, maki ya sauko daga 9 zuwa 5, har na fara murna. Shekaranjiya sai na je da safe na tarar ya kwana yana cizon ƙafa, jini jini. Na yi ta tambaya kowa ya ce bai ba shi komai ba, sai can maigadi ya ce shi dai tausayi ya ba shi, yana shan shayi Duna ya zauna ya zuba masa ido, sai ya tsoma burodi a shayin madara ya miƙa masa, kwana uku a jere. Wlh ban iya masa faɗa ba don da zuciya ɗaya ya yi, amma raina ya ɓaci sosai. Dakta daga farko zan sake?

Likitar Dabbobi:
Eh daga farko, ka fara ƙirga daga ranar da aka daina. Amma ba asara ba ce gaba ɗaya, ka samu alama, burodi alkama ne shayin kuma da madara, biyu daga cikin manyan da muke zargi. Sai dai kar mu yanke hukunci, sauƙin da ya samu da farko wani ɓangare na maganin kunne da wankan ne. Ka gasa ɗan raƙumin ya bushe kamar kilishi amma ba ƙuli ba yaji, ka ba maigadi a gwangwani, duk lokacin da tausayi ya kama shi ya ba shi wannan. Hana mutum bayarwa yana da wuya, sauya masa abin bayarwar ya fi sauƙi. In cizon ya yi yawa a koma asibiti, akwai maganin ƙaiƙayi irin Apoquel da ake iya bayarwa na ɗan lokaci a farkon gwaji a tsayar kafin ƙarshe don a ga gaskiyar fata. Kar dai a ba shi farasitamol ko ibuprofen na mutane.

Baba Sarkin Baka:
To Dakta na ji, burodi ya tayar masa. Amma ki faɗa min me ya sa namu na gida ba sa yi?

Likitar Dabbobi:
Suna yi Baba, ina ganinsu, sai dai ba a cika kawo su ba, in an ga suna susa a ce ƙazuwa ce a bar su. Amma gaskiyarka akwai jinsin da abin ya fi kamawa, alsashiyan da labrado suna ciki, gado na da hannu a ciki.

Baban Khalifa:
Jama'a albishirinku. Sati takwas cif ba loma ɗaya ta waje. Maki 1, wani lokacin 2 in ya yi birgima a ciyawa. Gashin ƙafa ya fito baƙi, kunne ba wari, da daddare shiru sai haushin aiki. Ya ɗan rame kilo biyu. Mun yi gwajin dawowa kamar yadda aka ce duk da gabana na faɗuwa, na haɗa masa tsohon abincin, kwana na uku ya fara girgiza kai yana lasar ƙafa, muka koma raƙumi ya lafa cikin kwana goma. Sai muka shiga ɗaya ɗaya, kaza sati biyu lafiya lau ko gezau, shinkafa ma haka. Naman shanu kwana biyu kacal ya tashi. Yanzu muna jira ya lafa.

Hajiya Mai Zabbi:
Masha Allah! To ai kaza ta wadatar, ka huta da neman raƙumi.

Likitar Dabbobi:
Alhamdulillah, sannu da haƙuri. Tunda shanu ne to madara da nono da man shanu da kindirmo ka ɗauke su a matsayin abin zargi, sau da yawa tare suke tafiya, ga kuma abin da shayin maigadi ya nuna. Saura alkama, ka gwada ta ita kaɗai da taliya dafaffiya da ruwa, ba burodi ba don ana sa masa madara ko bota. In za ka koma na buhu ka karanta bayan buhun ba gabansa ba, wanda aka zana kaza a gaba zai iya ɗauke da garin nama da ƙashi ko kitsen dabba da ba a faɗi wace dabba ba, irin wannan ka bar shi. In girki za ka ci gaba to yanzu ne za a cike gibin, kaza da shinkafa kaɗai ba su isa ba, sai an ƙara sinadarin ƙashi da bitamin daidai nauyinsa, kuma ƙashin kaza dafaffe ba a ba shi, tsagewa yake ya huda hanji.

Ɗan Jos:
Ka kuma shirya wa babbar Sallah tun yanzu, ranar kowa hannunsa da nama.

Baban Khalifa:
Wlh ita nake tunani, don a gonar muke yanka sa na haɗaka da maƙwabta. Na riga na ce ranar za a kulle shi a ɗakin baya har a gama fiɗa a wanke wurin a binne tumbi da jini. Rago kuma ban gwada ba tukuna, Dakta in alkama ta wuce shi zan sa a gaba ko in bari sai bayan Sallah?

Likitar Dabbobi:
Ka gwada kafin Sallah, tsokar rago zalla sati biyu, a wurin mahaucin da ba ya haɗa ta da shanu. In ka kai shi awon nauyi ka tafi da takardar makin nan da hotunan gaba ɗaya, da su za a tsara masa abincin dindindin.